Hannu a Aljihu

A farkon shekarun tamanin ne, satina uku da dawowa daga kwas ɗin duba masu taɓin hankali, ina ganin duk Dutsin-Ma babu mai karantar mutum kamar ni. An koya mana abu biyu: ka zauna kusa da ƙofa, ka sa ido a hannun majiyyaci.

Wata rana da sassafe wani ƙaton masunci daga dam ɗin Zobe ya shigo ofishina a asibiti ya zauna. Na ce, "Baba, me ke damunka?" Shiru. Leɓensa na motsi, idonsa a ƙasa, hannunsa na ta mutsu-mutsu cikin aljihu. Na rubuta cewa yana magana da waɗanda ba a gani. Sai a lokacin na lura shi ne a bakin ƙofa, ba ni ba. Wuƙar gyaran kifi kawai nake hangowa.

Yana zaro hannun, na kurma ihu na faɗa ƙarƙashin tebur. Sista Rahila, nas ɗinmu, ta shigo a guje.

Ashe carbi ne. Ya shafa addu'a, ya leƙo ni: "Likita, lazimi nake ƙarasawa. Haƙori ke damuna."

Har na yi ritaya, ina shigowa Sista za ta ce, "Jama'a, a ɓoye carbi, ga Likita nan."