Murfin Kawu Agbeko

Duk unguwar Be ta Lome babu mai kai irin na Fo Senanu. Shi ya faɗa, kuma ba ya ƙarya a kan kansa. A bolar bayan tashar jirgin ruwa, inda wasu ke toshe hanci, shi basira yake shaƙa. Ya kwance injin juyi daga matacciyar firinta, ya zaro wani daga injin wanki, ya haɗa su da allon lantarkin da ruwan sama ya riga ya yi wa wankan gawa. Sakamakon, in ji shi, na'urar sassaƙa ce mai bin umarnin kwamfuta. Ta cinye rabin tsakar gidan kawunsa Agbeko, inda yake zaune kyauta. Abin da ta taɓa sassaƙawa kuwa babban yatsansa ne kawai. Unguwa ta raɗa masa Injiniya Saura-Ƙiris, shi kuma rabin farko kaɗai yake ji.

Da Kawu Agbeko ya rasu, matarsa, wadda ake kira Da Massan, ta ce bayan jana'iza a kwashe tarkacen. Injiniya ya tashi a taron dangi, ya gyara tabarau.

"Inna, zamanin kurfi da guduma ya wuce. Ku ba ni murfin akwatin gawar in sassaƙa sunansa. In sunan Kawu bai sa Lome kuka ba, ni da kaina zan kira mai amalanke ya kwashe na'urar."

"Murfin ɗaya ne fa, ɗan nan," in ji ta. Amma ta bayar.

Ranar jana'iza ya gayyaci kowa, har masu ganga. Ya danna maɓalli da ɗan yatsa, irin na manya. Na'urar ta yi tari, ta yi rawa, ta kama aiki. Wallahi ta yi rubutu! Haruffa tsaf-tsaf, abin sha'awa. Sai dai Injiniya ya sauya wayoyin injin firinta, sunan ya fito a juye, kamar a madubi. Injin wankin kuma, da bai saba aikin wasa ba, ya huda katakon har ƙasa.

Ganga ta tsaya. Injiniya kuwa fuskarsa ko gezau.

"Jama'a, da gangan ne. Ku kuna tunanin na waje, kimiyya kuwa tana tunanin mai akwati. Daga ciki daidai yake. Kawu zai kwanta yana karanta sunansa, ga iska tana shiga."

Wasu tsofaffi har sun fara gyaɗa kai. Da Massan ta sunkuya, ta leƙa ta cikin ramin harafi ɗaya, ta daɗe. Sannan ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Kawunka dai har ya mutu da yatsa yake sa hannu." Ta juya wajen masu ganga. "Waye a cikinku ya san mai amalanke?"