Wayoyi Huɗu a Motar Marigayi Esau

"Kin tashi lafiya, mbuya, ko har yanzu ana kan kukan ƙaryar?"

Tikambenji ba ta ɗago daga garin da take tankaɗewa ba. Kwana tara ke nan da binne mijinta Esau, kuma a duk Katete mutum ɗaya ne zai shigo gidan makoki da irin wannan gaisuwa: Kangwa mai rewaya. Shi ɗan ƙabilar Bemba ne, ita 'yar Ngoni, mbuya suke ce wa juna, wato abokan wasa, tsakaninsu kuwa zagi ba ya zama laifi. Shi da 'yan'uwansa ne suka haƙa kabarin, suka bule dangin mamaci da garin masara, suka kama kajin gidan uku a gaban kowa, babu wanda ya ce musu uffan.

"Na tashi. Ka zo ƙidaya kajin da suka tsira ne?"

"Gawa ta biyu na zo dubawa." Ya nuna tsohuwar a-kori-kurar da ke ƙarƙashin mangwaro. "An ce ɓeraye sun cinye wayoyin makunninta. Na ce ƙarya ne. A gidan Ngoni ɓera ba ya rayuwa har ya kai ga waya, tun yana hanya an soke shi a tsinke."

"Gara mu. Ku kun ƙarar da biran dawa, kun dawo kan kajin marayu."

Bakinta na wasa, idonta na kan motar. Babu ɓeran da ya taɓa motar nan. Ita ta yanke wayoyin da almakashinta na ɗinki washegarin jana'iza, bayan ta ji Yotamu, yayan Esau, yana gaya wa dangi cewa ƙarfe ba kayan mace ba ne. Shekara shida ita ke tuƙa motar tun da idon Esau ya mutu, da ita take kai tumatir da gyaɗa Chipata, da ita 'ya'yanta suke makaranta. Ta cire makunnin gaba ɗaya ta jefa a masai, ta ce a ranta bari ta ga yadda za a tafi da abin da ba ya tashi.

Kangwa ya ajiye akwatin kayan aikinsa, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje. Can ya ce lallai ɓeran nan ya yi makarantar tela, don bai taɓa ganin haƙori mai yanka daidai haka ba. Sai ya zaro sabon makunni daga aljihu, a kwalinsa, makullai biyu na lilo a jiki.

Ta ajiye rariyar ta matso. Ta tambaye shi wa ya saya. Ya ce Esau ne ya zo masa a mafarki, yana roƙo a tayar masa da motar ya gudu, don ko a can yana jiyo muryar matarsa. Ta ce Esau bai taɓa yarda ya shiga ɗakin Bemba da rai ba saboda tsoron kada a sace masa agogo, balle yanzu da ba shi da hannun riƙewa. Ya ce to tsintar makunnin ya yi. Ta ce ta sani, Bemba kullum cikin tsintuwa yake, har abin da ba a yar ba.

"Jiya an ga keken Yotamu jingine a ƙofar shagonka," ta ce, muryarta ta sauka.

"Wayar kekensa na gyara."

"Keke ba shi da waya."

"Na Ngoni yana da ita. Ku komai naku a hargitse yake."

Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon hannunsa. Wayoyin huɗu ne, duk baƙaƙe, domin Esau da ya sake su da kansa daga dunƙule ɗaya ya yanka, bai damu da kala ba. Kangwa ya manna ƙaramin ƙwan fitilar gwajinsa a jikin ƙarfe, ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya. A ta uku ƙwan ya kama. Ya buɗe gaban motar ya bi sauran da ido da yatsa, ya dawo ya karce kowace da farce. Sannan ya kwance kan batir, ya zauna a bakin ƙofa yana feƙe bakin wayoyin, ya ce shi fa ya rasa gane su. Wacce ce ta batir, wacce ke zuwa kwayil, wacce ta sitata, wacce ta fitilu da rediyo? Sai dai ta gaya masa, in ba haka ba zai haɗa da ka, motar ta kama wuta, a huta.

Tikambenji ta dubi ƙananan alamun farcensa a kan wayoyin. Mutumin nan ya sani sarai. Shekara talatin yana wannan aiki. To me yake nema a bakinta? So yake gobe in an tashi magana ya ce da hannunta ta nuna masa?

"Yotamu ne ya aiko ka."

"Shi ne. Shi ya sayi makunnin."

Ta zaci zai musa, har ta shirya amsa. Sai ga shi bai musa ba.

Ya ci gaba da feƙe wayar, bai dube ta ba. Ya ce Yotamu ya aro shanun huɗa huɗu, yana nan tafe da dattawan gidansu kafin rana ta take. In motar ta tashi, ya tuƙa. In ba ta tashi ba, shanu su ja ta har ƙauyensu. Almakashinta kwana takwas kawai ya sama mata, sun kuwa ƙare.

"To ka zo ka sauƙaƙa wa shanun ne?"

"Na zo sata. Zan tayar da ita, in jira sai sun iso sun gan ni, in tuƙa abata. Abin da mbuya ya ɗauka a gidan makoki, wane ɗan Ngoni ne zai kai ƙararsa gaban dagaci? Har jikokinsa sai an yi musu waƙa. Motar ta zauna a shagona har takardar gadon da 'yarki take bi a kotu ta fito."

Tikambenji ta juya maganar a ranta. Ta tuna sau nawa Kangwa ya zagaya motar nan yana shafa ta, yana ce wa Esau ya sayar masa kafin Ngoni su maida ta akurki. A-kori-kura irin wannan ita ce abin da shagonsa ya rasa.

"Al'adar da ta rufe bakin Yotamu ta rufe nawa," ta ce. "In ka ƙi dawowa da ita, ni ma ba ni da inda zan kai ka."

"Haka ne."

"Ba za ka rantse ba?"

"In Bemba ya rantse miki, za ki yarda?"

"A'a."

"To kin gani. Wacce ce ta batir?"

Daga can bayan gonar maƙwabta ta fara jiyo ƙarar ƙararrawar wuyan shanu. Ta sunkuya ta shiga da kanta ƙarƙashin sitiyarin, warin man inji da tabar Esau ya daki hancinta. Ta ɗaga ta ukun ta ce wannan. Ta nuna ta kwayil, ta sitata, ta fitilu, ta ce kuma ya ɗaure su da kyau, ba irin ɗaurin da uwarsa ta yi wa tarbiyyarsa ba. Ya ce tarbiyyarsa lafiya lau take, a jikinta ma babu abin da ba na mutane ba. Ya zura kowace a gurbinta, ya matse ƙananan kusoshin, ya naɗe da salatif, ya mayar da kan batir.

Ya murɗa makulli. Sitata ta yi tari sau biyu, injin ya kama, hayaƙi ya turnuƙe mangwaron. Tikambenji ta juya baya ta goge ido da gefen zaninta, ta ce hayaƙin ne.

Yotamu ya ɓullo a bakin hanya, dattawa uku a bayansa, shanun na biye. Da ya ji ƙarar injin sai ya washe baki, ya ɗaga wa Kangwa hannu. Kangwa ya ɗaga masa shi ma, ya diro zai ɗauki akwatin kayan aikinsa ya jefa a baya.

Tikambenji tana zaune a kan akwatin. Ta gyara zama, ta miƙe ƙafafu, ta harɗe hannuwa.

"Tashi, mbuya, sun iso."

"Wannan na tsince shi."

"Abincina ke ciki. Ko fis ba zan iya canzawa ba in babu shi."

"Na sani. Wasan ai ba na Bemba kaɗai ba ne. Ranar da motata ta dawo ƙarƙashin bishiyar nan, sai ka zo mu duba ko ɓeraye sun bar maka wani abu."

Kangwa ya dube ta, ya dubi shanun da suka kusa shigowa. Dariya ta ƙwace masa har sai da ya dafa ƙofar motar. Ya zare makulli na biyu daga zoben, ya jefa mata a cinya.

"Esau ya sha wahala," ya ce. Ya faɗa mazauni, ya sa giya, ya bi ta gefen Yotamu yana danna masa hon.