Saniya Ta Ƙi Sha, Takarda Ta Ce Lafiya Lau

Tamu ya cika kwalbar masu awon ruwa da ruwan randar matarsa Kaltume, ya miƙa musu a matsayin ruwan burtsatsen garinmu. Da idona na gani. Amma bari in ɗan koma baya saboda wanda bai san mu ba.

Ni mai ginar rijiya ne. Shekara arba'in da ɗoriya ina shiga ƙasa, daga Kuberi har bayan Aliero. Boko kuwa, ajin yaƙi da jahilci ne iyakata, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Abin da na sani ruwa ne. In na kurɓa na juya shi a baki, zan gaya maka ko kanwa ce a ƙasa, ko tsatsa, ko wani abu ya mutu a ciki. Shi ya sa a ƙauyenmu, can gefen Giwa Tazo, ba a ɗibar sabon ruwa sai an tambaya, "Baba ya sha?" In na sha, kowa ya sha.

Bara waccan aka kawo mana burtsatse. Allah ya saka wa Mai Girma Garkuwan Masu Ƙishirwa, wanda ya yi mana alkawarinsa zaɓe uku a jere, ya daure ya cika a na huɗu. Na nuna wa ma'aikatansa tudu arewa da gari. Suka ce tudu ba ya kallon titi. Suka haƙa a kwari, bakin fadama, inda duk motar da ke wucewa za ta karanta allon. Allon kam sun kafa shi da kyau. Ƙafarsa ta kusa kai ramin zurfi.

A kwarin nan ruwan gonakin albasa ke taruwa. A nan kuma mutanenmu ke wanke tukunyar feshi, su zubar da ragowar maganin ƙwari da na ciyawa. Ba na ɓoye laifin gida. Ɗana Mas'ud ma yana yi, sai da na ɗauko masa sanda da gemunsa da komai.

Shekarar farko ruwan bai da aibi, na sha, aka sha. Bana, bayan feshin albasa, na kurɓa na ji ɗaci can bayan harshe, da wari irin na hannun mai feshi. Na tofar. Kwana biyu sai ga Mu'azu, Bafulatanin da ke shayar da shanunsa a wurin. Ya ce, "Baba, nagge ta shinshina ta ja da baya." Jikata Amira ta yi kwana huɗu ciki na murɗa mata. Uwarta Zaituna, matar Mas'ud, tana da ƙaramin ciki. Ruwa ba ya tsami banza. Na ce a bar shi, aka bari.

Tun ranar mata suka koma wata tsohuwar rijiya da na gina a tudu, tafiyar awa guda, sannan a dawo da jarka a ka. Har da Zaituna. Ba wadda ta ce mini uffan, amma ina da ido.

Maigari ya kai kuka birni. Aka ce a yi haƙuri, muka yi na wata biyar. Rannan sai ga masu awon: mota uku, mutum tara, kwalba ɗaya. Kafin ranar na yini cur a layin mai a Jega saboda injin ban ruwa, aka ce ya ƙare. Da na ga motocin nan sai hankalina ya kwanta, na san inda ya tafi.

Shugabansu, Ranka-ya-daɗe Sarkin Kwalba, bai sauko ba. Akwai taɓo a hanyar burtsatsen, takalminsa kuwa ba na taɓo ba ne. Ya sauke gilashi rabi, ya miƙo kwalba. Tamu maƙwabcina, wanda in an yi baƙi shi ke fara isa ko ba a kira shi ba, ya karɓa da hannu biyu. Ya zagaya bayan masallaci, ya faɗa gidansa, ya fito da kwalba cike. Kafin in tako in iso, motoci sun juya.

Na ce, "Tamu, mi kay yi?"

Ya ce, "Mutunci niy yi, Baba. Baƙo shi taso tun daga birni in ba shi ruwan da saniya ta ƙiya? Ina tarbiyya?"

"Ba sha za shi yi ba, aunawa za shi yi."

"To balle! In anka ce ruwanmu ya ɓaci, wa ka sayen albasarmu Aliero? Dillalai sai su ce da guba munka yi ban ruwa. Na Kaltume kau daga tudu anka ɗebo shi, har jema ta sa mai don ƙanshi."

Na ce, "Kai ne mai ciwon da ka aika ƙanenai a ɗibi jininai."

Ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Baba. Ai gari nika rufa wa asiri."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma Tamu ya ɓoye, har da ƙanshi.

Bayan mako uku takarda ta zo. Ruwanmu ya fi na kowa kyau a ƙasar nan kaf. Ina taya randar Kaltume murna.

Na sa Tamu ya goya ni a babur ɗinsa har ofishin masu awon, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Sarkin Kwalba yana taro. An ce mini kullum yana taro. Wata yarinya mai farar riga, Raihanatu, ita ta saurare mu. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta daina. Washegari ta hau kabu-kabu ta zo, ta shiga taɓon da takalminta, ta ɗiba da hannunta. Ta kai hanci ta yamutsa fuska. Na ce a raina, to, an zo wurin.

Mako biyu ta dawo, ta same ni gindin darbejiya, ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, sakamako ya fito. Lafiya lau."

"Ɗiyata, ke fa kin shinshina shi."

"Na shinshina. Amma abin da ke cikin takarda shi muke nema." Ta buɗe ta karanta mini: ƙwayoyin gudawa, gishiri, ƙarfe, laka, da wasu da ban riƙe ba. Duk ba wanda ya wuce iyaka.

"Maganin feshi fa?"

"Irin wanda kuke saye yanzu ba ya cikin jerin. Ba a yanka masa iyaka ba tukuna. Abin da ba shi da iyaka kuwa ba a cewa ya wuce ta."

"To ku yanka mai."

"An kafa kwamiti, Baba."

Ashe kwamitin ya zauna sau biyu a otal, har ya je wata ƙasa ya ga yadda suke yi. Injin da ke gane irin wannan magani ma an sayo. Yana cikin kwalinsa, ana jiran babban da zai zo ya yaye masa leda.

Na ce, "Ke, kina sha?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na rubuta a ƙasan takardar cewa a ƙara bincike. Da aka buga, wai wuri bai isa ba."

Jama'a, ku taya ni jinjina wa ilimi. Ɓarawo ya iso ƙofa da buhu, mai gadi ya duba littafi bai ga sunansa ba, ya ce masa bismillah. Ni jahili, cewa na yi ai abin da sauƙi. Ka je kasuwar Jega ka tambayi masu shago maganin da manoma ke saye bana, ka zo bayan feshi ka neme shi a ruwa, badi ka sake zuwa. Ashe ba haka ake yi ba. Sai guba ta yi rajista tukuna. Da na san wannan dabara da ban yi shekara arba'in ina tofar da ruwa ba.

Larabar da ta wuce aka yi bikin sake buɗe burtsatsen da ba wanda ya rufe shi sai bakina. Rumfa, kujerun haya, makaɗa, masu ɗaukar hoto. Garkuwan Masu Ƙishirwa da kansa ya zo, Sarkin Kwalba na take masa baya, yau da takalmin roba. A gefe an jibge katon-katon na ruwan gora saboda manyan baƙi. Ni kuma aka ba ni kujera a sahun gaba, abin da ba a taɓa yi ba. Tamu ne ya tsegunta musu cewa ba mai komawa ruwan nan sai Baba ya sha.

Aka karanta takarda, aka tafa. Mai Girma ya naɗe hannun riga ya buga famfo sau uku, ya cika kofi, ya miƙo mini, masu hoto suka matso.

Mata sun riga sun yi layi da jarkokinsu. Zaituna ce ta uku. Wata tara ya kama, ƙafafunta sun kumbura, hannunta ɗaya na dafe da ƙugu. Ba ta dubi kofin ba, bakina take duba. Kurɓi ɗaya, tafiyar tudu ta ƙare mata yau. Ba zan yi muku ƙarya ba, hannuna ya motsa wajen kofin.

Na ce, "Ranka shi daɗe, a sana'armu wanda yag gina shi ka fara sha."

Ya yi murmushin hoto, ya ce likita ya hana shi canjin ruwa. Na juya ga Sarkin Kwalba. Ya ce azumi yake. Ranar Laraba, da maiƙon naman biki a leɓe. Allah ya karɓi ibada.

Maigari ya matso kunnena. "Baba, ko leɓe ka jiƙa, kar mu kunyata gaban manya."

Tamu ya zo ta ɗaya kunnen. "Ka riƙe shi baki, in sun tahi ka tohwar."

Shawara ce mai kyau, irin ta Tamu. Sai dai matan nan kurɓin za su gani, ba za su ga tofarwar ba. Kafin la'asar ruwan nan yana cikin kowace randa, yana cikin Amira, yana cikin wanda bai ma iso duniya ba. Kumburin ƙafa na san ƙarshensa. Wannan ɗacin ban san nasa ba, su ma masu takarda ba su sani ba, tunda ba su nema ba.

Mai Girma ya ƙara miƙo kofin, hannunsa ya fara gajiya.

"Baba, daure mana. Takarda ta ce lafiya lau."

Na miƙe, na ɗaga murya yadda ta ƙarshen layi za ta ji.

"Na ƙiya. Ba ni sha."