Rasuwar Matashin Kaina a Kan Dusar Ƙanƙara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da ciwo, ni Mu'awiya na unguwar Al Nahda a Dubai nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar matashin kaina, wanda ya cika ranar Asabar a filin dusar ƙanƙarar nan na cikin katafaren kantin da ake kira mol, yana bakin aikin da ba nasa ba.

Marigayin haifaffen Gwarzo ne. Mahaifiyata, Inna Talatu, ita ta ɗinka shi da hannunta, ta cika shi da audugar rimin bayan gidanmu, ta danna shi cikin akwatina lokacin da zan taho Dubai a 2016. Shi ne ɗinkinta na ƙarshe, domin yanzu hannunta rawa yake, ba ta iya riƙe allura. Rimin ma an sare shi.

Mun shaide shi da haƙuri. Ya sha zufa, ya sha yawun barci, ya sha minsharin mutum huɗu a ɗaki guda, bai taɓa kai ƙara ba. Maganarsa ɗaya ce, in na ɗora kai ya ce "fusss", sai ƙanshin ɗakin Inna ya taso. Ban taɓa yin barcin kirki a garin nan ba sai a kansa.

Ajalinsa ya faro ne daga abokin zamana Sharfuddeen, wanda ya matsa sai na koyi sulu, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara da allo a ƙafa. Ya zaɓa mini kaya tsakani da Allah. Allon da tsayinsa ya kai mini haɓa, takalmin da ya kama ƙafa ba tare da ya matse yatsu ba, hular kwano, da safar hannun da ruwa ba ya ratsawa. Ya hana ni sa rigar auduga a ciki, wai in ta jiƙe da gumi sanyi zai gama da ni. Duk na bi. Sai ya miƙo wani gajeren wando mai soso a baya, wai ɗan koyo a kan mazaunansa yake wuni. Na duba shi, sak kunzugun jarirai. Na ce ni da gemuna ba zan sa wannan ba.

Amma tsoron faɗuwa bai bar ni ba. Na ɗauko marigayin a ɓoye, na cusa shi cikin wandon sanyi, na fito ina tafiya kamar agwagwa. Sharfuddeen ya kalle ni ya kau da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Faɗuwar farko ya ce "fus", na ji kamar na zauna a kan katifa, har na yi wa Sharfuddeen da wandon sosonsa dariya. Muka ci gaba da faɗuwa tare, muryarsa tana ƙara shaƙewa. Da na hau tudun da malamin koyarwa ya hana ni hawa, allon ya yi gabas, ni na yi yamma. Sai na ji "ɓarrr". Kalmarsa ta ƙarshe ke nan. Audugar ta fita ta ƙugu da ƙafar wando, ta bi iska, Larabawa da Turawa suka kama atishawa. Na durƙusa ina tsince ta, fari a kan fari, hawaye na daskarewa a fuskata.

Ya rasu ya bar rigarsa mai zanen furanni, da katifa gwauruwa, da wuyana wanda tun ranar bai juya ba. Akwai kuma wani baƙon matashi na soso da aka kawo daga kasuwar Naif, wanda ba ma ga maciji da shi.

Abin da aka samu na gawar bai cika leda ba. Za a sa shi a ƙasan akwati ranar Alhamis bayan la'asar, kuma za a karɓi gaisuwa a falonmu. Mai makoki zai karɓa a tsaye, don zama ya gagara. Kada a zo da matashi, kada a zo da wandon soso.

Roƙona ɗaya, kada labarin nan ya isa Gwarzo. Inna za ta kira ranar Juma'a, kuma tambayarta ta farko ita ce ko ina samun barci. Duk wanda ya san abin da zan ce mata, don Allah ya zo da wuri.