Ilu da Ɓerayen Dakta Saratu

A ƙauyenmu akwai Ilu, wanda in ka aike shi sai ka tauna maganarka tukuna, don yadda ka faɗa haka zai yi. Shi da tsohuwarsa Inna Kande kaɗai ne a gida. Da ƙyar aka samo masa aikin kula da ɓeraye a jami'a, wurin Dakta Saratu. Rabin ɓerayen an taɓa halittarsu, hanjinsu ba ya fitar da sinadarin da ke gaya wa ciki an ƙoshi. So take ta ga ko cinsu zai bambanta da na sauran.

Wata rana ta ce masa, "Duk mai shiga ɗakin nan sai da farar riga." Da hantsi aka kawo sababbin ɓeraye a kwali. Ilu ya ajiye su a rana, ya nufi wurin tela a ɗinka musu fararen riguna. Kai jama'a! Da ƙyar aka farfaɗo da su.

Wata rana kuma ta ce, "Gobe za a ɗebi jininsu, azumi za su yi." Tun asuba gogan naka ya zo ya cika musu kwano.

"Ilu, me ka ba su?"

"Sahur, Hajiya. Ai akwai tausayi."

Ta dafe kai. "Ka ƙara ko ɗaya, ka koma gida." Inna Kande ta ji labari, ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Wata rana Dakta za ta yi tafiya, ranta a ɓace, don wata da watanni ɓerayen duka cinsu ɗaya, bincike ya ƙi gaba. Ta ce, "Don Allah ka riƙe su kamar 'ya'yanka."

To wa zai ba ɗansa busasshiyar dussa? Ilu ya riƙa sayo ƙosai mai maiƙo yana gutsura musu.

Ta dawo ta tarar da keji duk mai, ta buɗe baki za ta sallame shi, sai ta tsaya. Ɓerayen da ba a taɓa ba sun ci kaɗan sun kwanta. Waɗancan kuwa sun yi ɓul-ɓul, har yanzu ci suke. Ashe sai da maiƙo sinadarin ke motsawa!

Ilu ya ce, "In tattara kayana, Hajiya?"

Tana dariya har da hawaye ta ce, "Ba inda za ka!"

A nan Inna Kande ta same shi da la'asar, yana tsaye ƙiƙam.