Albasar da na hana a sayar

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na dawo hutu garinmu, kusa da Malbaza, da karatun tattalin arziki na shekara ɗaya tal a kaina ba. Kai ya kumbura, ko gaisuwa sai na sa mata faransanci.

Na tarar Baba ya cire albasa, dillalin masu manyan motoci yana taya buhuna a bakin garka. Na ja Baba gefe (da ƙarfi nake magana, don kowa ya ji) na ce sayarwa a lokacin cira jahilci ne. Kaya in sun yi yawa kuɗinsu faɗuwa yake, in sun yi ƙaranci ya hau, haka ƙasa duka take tafiya. A zuba a rudu, rumbun albasa, a jira. Ƙanen Baba ya ce ko rabi a sayar. Baba ya dube ni da alfahari ya ce, "Ku bar shi, yaron ga ya yi lakwal, ya sha boko."

Ba a daɗe ba aka rufe iyaka. Motoci suka yi layi a Konni, bakin iyaka, ba gaba ba baya, albasar da ya kamata ta fita ƙasashen waje ta dawo ta cika kasuwannin gida, ko kyauta ba mai ɗauka. Na ce a ƙara haƙuri. Damina ba ta yi haƙuri ba.

Ranar da muka buɗe rudu, wari ya fito da maƙwabta daga ɗakunansu. Ni na kora amalanken jaki da ruɓaɓɓiyar albasa zuwa juji, ruwanta yana ɗiga, ƙudaje na rakiya, kuma hanya ɗaya ce, ta gaban majalisar da na sha yi wa lacca. Wani tsoho ya toshe hanci ya ce, "Malam Ekonomi, ina zuwa da dukiya haka? Kuɗin nata sun hau?" Na so ƙasa ta tsage.

Dariyar da sauƙi. Baba bai zage ni ba ko sau ɗaya. Injin ban ruwa ya sayar aka sayi hatsi, da rani kuma ya koma ƙwadago a garkar wani, da furfurarsa.

Da na koma jami'a, darasin farko na shekara ta biyu shi ne abin da rufe iyaka yake yi wa kasuwa. Na ci jarrabawar da maki mai kyau. Tun daga nan, in zan gwada ilimina, a gonata nake gwadawa.