Rasuwar Sinyor, Injin Tace Ruwan Inabi na Gidan Shdid

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, ni Nakhle Shdid, wanda aka fi sani da Abu Jiryis, a madadin iyalina da duk masu matse inabi na ƙauyenmu da ke kan tudu a saman birnin Zahle, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokin aikina Sinyor, injin tace ruwan inabi na gidanmu. Ya riga mu gidan gaskiya ana saura 'yan kwanaki Idin Gicciye, yana bakin aiki, da tiyo a bakinsa. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙurin rashinsa.

An haifi marigayin a Italiya. Ya iso mana ta jirgin ruwa a shekarun yaƙi, lokacin da kowa ke fitar da kayansa daga ƙasar nan, shi kuwa yana shigowa. Mahaifina ne ya raɗa masa suna Sinyor, wato "yallaɓai" a harshen Italiya, saboda ya ga ba ya aiki sai an yi masa wanka tukuna, kuma ba ya karɓar kowace takardar tacewa sai mai kauri ta ƙasarsu. Ban da wannan 'yar isa, ban san shi da wani aibu ba. Idan aka kunna shi sai ya yi gyaran murya, kwaf, kwaf, sannan ya kama karatu, gurrr-tsak, gurrr-tsak, har yamma. Ruwan inabi ya shiga ta wannan gefe da gurɓinsa, ya fito ta wancan gefe garau. Ba ya gulma, ba ya ɗanɗana abin da aka ba shi amana. Ba kowane ma'aikacin da ya ratsa gidan nan zan yi wa wannan shaida ba.

Kowa ya san yadda muke yi ranar Idi a farfajiyar coci. Dattawa su ɗaga kofin gilashi sama, su nemi gicciyen da ke kan hasumiya ta cikin farar giya. In an hango shi tas, mai giya ya fita kunya. In inuwa aka gani, to har shekara ta zagayo ana yi masa dariya a shagon aski. Tunda Sinyor ya zo gidanmu ba a taɓa yi mini dariya ba. Wata shekara ma Abu Tufiƙ, maƙwabcina wanda bai taɓa yabon kowa ba tun da aka yaye shi, ya ce ya hango tantabarar da ke zaune a kan gicciyen, har ya gane mace ce.

Marigayin ya rasu ya bar tiyo biyu, babba da ƙarami, ƙaramin yana yoyo tun kafin rasuwar. Ya bar injin toshe bakin kwalba, wanda shi ma jikin ya yi tsanani tunda aka fara kawo murfi mai murɗawa. Ya bar janareta, abokin wahalarsa a duk lokacin da aka ɗauke wuta, sannan ya bar ni. Ya kuma bar maƙiya, wato randunan ƙasa da ke jere a ɗakin ajiya, waɗanda har yanzu ban ga ɗigon hawaye a fuskarsu ba.

Ciwon nasa da fari ba na jiki ba ne, ɓacin rai ne. Ya fara ne ranar da 'yata Zalfa ta dawo daga Faransa, inda na tura ta ta koyo ilimin inabi na zamani. Ni a tunanina da injin da ya fi Sinyor za ta dawo mini. Sai ta dawo da wandon aiki da taurin kai. Ta bi ƙauyuka tana sayo randunan da tsofaffi suka daɗe da mayarwa wurin shuka na'a-na'a, ta wanke, ta zuba musu farin inabinmu da ɓawonsa da komai, ta rufe, ta yi tafiyarta. Ba yis na kanti, ba magani, ba tacewa. Abin da ya fito kalarsa kamar shayi, kuma ko fitilar mota ka kunna a bayan kofin ba za ka hango ta ba.

Na ce, "Zalfa, wannan ai shi ne abin da kakarki take yi saboda talauci."

Ta ce, "Shi ake nema yanzu, Baba. Mutane sun gaji da giya mai kama da ruwan famfo. Abin da Sinyor yake cirewa, a nan ɗanɗanon yake."

A gabansa fa ta faɗa. Yana nan tsaye yana ji.

Abin takaicin, da gaske ana nema. Kowace Asabar samarin Beirut da 'yan matansu suke cika mini tsakar gida, masu gemu da ɗan kunne, suna shinshina kofi kamar masu neman inda gas ke yoyo. Wannan ya ce yana jin ƙanshin ƙasa, wancan ya tambaya ko akwai wadda ba ta bugarwa sosai, wata ta tsoma jar giya a ƙanƙara ina kallo. Wani marar kunya har tambayata ya yi ko muna zubawa a gwangwani. Wata yarinya ta ɗora jakarta a kan Sinyor ta ɗauki hoto, wai tsohon kayan tarihin nan ya yi mata kyau. Washegari ya ƙi tashi sai da na lallashe shi.

Na kafe cewa duk kwalbar da za ta ɗauki sunan Shdid sai ta bi ta cikin Sinyor. Zalfa ta kafe a kan randunanta. Ba mu ɗaga murya ba, mu a gidanmu da shiru ake faɗa. Kawai sai na ga ta sauko da shuɗin akwatinta daga saman kabad, ta shirya kaya, ta ajiye shi a bakin ƙofar ɗakinta. Wani gidan inabi a Faransa ya yi mata tayin aiki, za su bar ta ta yi yadda take so. Da irin wannan akwatin yayanta Jiryis ya tafi Kanada, yanzu jikokina a waya nake ganinsu, suna gaishe ni kamar baƙo.

Matata Wadad ta ce, "Abu Jiryis, in yarinyar nan ta tafi, sai ka sa Sinyor ya riƙa kawo maka gahawa da safe. Shi kuma zai bi gawarka."

Na ce mata ba ta san sha'anin sana'a ba. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, ba zan ɓoye ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, na haɗa tiyo zan tace giyar Idi. Ya yi kwaf, kwaf, kamar kullum. Ya ɗan yi gurrr-tsak, sannan ya saki wata ƙara da ban taɓa ji ba, iiiii, ya fitar da ɗan hayaƙi, ya yi tsit. Na kira Mu'allim Hagob, makaniken garin Anjar da yake duba shi tun yana sabo. Ya buɗe cikinsa, ya ce wani ƙarfe ne ya karye a zuciyar famfon, babu irinsa a ƙasar nan, sai an aiko daga Italiya. Na ce a aiko. Zalfa tana tsaye a bakin ƙofa.

Ta ce, "Zan zauna in taya ka har ƙarfen ya iso, Baba. Ranar da Sinyor ya tashi, ni ma na tashi."

Haka muka tafi Idi da giyar randa, don tawa ba ta tatu ba, kuma in dai kunya za a ji gara a ji ta da wadda aka gurɓata da gangan. Abu Tufiƙ ya ɗaga kofi, ya rufe ido ɗaya, ya karkata hagu, ya karkata dama.

Ya ce, "Abu Jiryis, rushe cocin aka yi ba a gaya mini ba?"

Aka kwashe da dariya, dariyar da na yi rayuwata ina gudu. Sai ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Tsohon nan mai mugun baki idonsa ya kawo ruwa, ya ce rabonsa da wannan ɗanɗano tun mahaifiyarsa tana raye. Ya miƙa kofi a ƙara masa, kuma ba ni ya miƙa wa ba, Zalfa ya miƙa wa. Sauran dattawa suka bi bayansa. Na juya baya na kurɓi nawa. Ba zan faɗi ra'ayina a cikin sanarwar mutuwa ba, saboda girmama mamaci. Abin da zan faɗa shi ne na tsaya ina kallon 'yata tana zuba wa tsofaffin garinmu tana dariya, na tuna da akwatin nan na bakin ƙofa, sai tsoro ya kama ni.

A nan dole in yi magana a kan jita-jitar da ake yaɗawa cewa wai marigayin suma ya yi. Mu'allim Hagob ne tushenta. Shekaranjiya ya shigo mini tsakar gida da wani ɗan kwali mai tambarin Italiya, bakinsa har kunne.

Ya ce, "Albishirinka, Abu Jiryis. Kafin ka shanye gahawar nan na tayar maka da shi."

Zalfa tana can gefe tana wanke randa. Na ga hannunta ya tsaya.

Na ce, "Wa za ka tayar? Sinyor ya rasu."

"Wace irin rasuwa kuma? Inji ne lafiyayye, sai ya binne mu duka."

"Mu'allim, kai likita ne, ni ne mai gawa. Na ce ya rasu."

Ya dube ni, ya dubi Zalfa, sannan ya cire hularsa ya ce Allah ya ba da haƙuri. Mutumin kirki ne Hagob, sai dai bakinsa ba ya riƙe magana.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an fito daga coci. Za a turo marigayin a kan tayoyinsa zuwa gindin ɓauren tsakar gida, inda Wadad ta riga ta tanadi tukwanen furen da za ta jera masa a ka. Masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da kansu. A nan za a karɓi gaisuwa. Akwai gahawa marar sukari ga masu kuka, akwai giyar randa ga sauran, kuma duk wanda ya ɗaga kofi yana neman gicciye zai koma gida da ƙishirwa. Daga ranar mabuɗin ɗakin ajiya yana hannun Zalfa, masu ƙorafi su same ta. Ɗan kwalin Italiya kuwa, wanda ba a buɗe ba, za a rufe shi a cikin shuɗin akwatin nan a mayar saman kabad. Zalfa ce ta kawo mini akwatin da kanta yau da safe, babu komai a cikinsa.